Yaya, ga bayanin jirgin nan da ka gani a hoto

Assalamu alaikum Yaya, ina fata kuna lafiya kai da iyali, ya zafin Sakkwato, ya jikin Inna, Allah shi ƙara mata sauƙi. A gaishe min da mutanen Mabera baki ɗaya. Na ga saƙonka kana tambaya ɗan jirgin roban nan da na sa a hoto nawa na saye shi kuma ko zan aiko wa babban yaronka irin shi, to amsar ta fi ƙarfin layi biyu shi ya sa na bari sai da na samu natsuwa.

Ba a sayar da shi a haɗe Yaya, ni na haɗa shi da hannuna. Kwali ne ake sayar maka, ka buɗe ka tarar da gutsattsarin roba masu ruwan toka liƙe jikin firam, kowanne da lambarshi, wasu manya kamar fiffike da rabin jikin jirgi, wasu kuma ba su wuce ƙwayar gero ba sai da matsefata kake iya ɗaukarsu. Akwai takardar bayani mai zane da ke nuna mi ke bin mi, da wata takarda mai ɗauke da tambari da lambobi. Gam da fenti da buroshi duk daban kake saye. Kuma komai a kan awo yake, idan anka rubuta 1/48 a kwali ana nufin an raba girman jirgin gaskiya gida 48 an ɗauki ɗaya, akwai 1/72 wanda ya fi shi ƙanƙanta akwai 1/32 babba.

Wanga da ka gani Alpha Jet ne, irin wanda sojan samanmu ke tuƙawa. Faransa da Jamus sunka haɗa kai sunka ƙera shi, kamfanin Dassault da na Dornier, ya fara tashi a 1973, Nijeriya ta samu guda 24 a shekarun 1980 kuma da shi anka yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo. Injin biyu gare shi, mazauni biyu gaba da baya don asali jirgin koyar da matuƙa ne da ake iya rataya wa makami. Tsawonshi ya ɗan haura mita 13, ka ga a awon 1/48 ya dawo wajen santimita 27 ke nan. Na san a wajenmu ƙarar jirgin yaƙi ba abin wasa ba ce, mutanen Isa da Sabon Birni sun san haka fiye da kowa, Allah shi kawo mana ƙarshen wagga masifa. Ni abin da ya ja ni ƙirar ce, yadda anka tsara kowane ƙarfe da dalilinshi, sannan ina son in ga kore-fari-kore a kan kantata nan Ingila, ƙasar da ba kowa ya ma san muna da sojan sama tun 1964 ba.

Yanzu bari in ba ka labarin kaya, don nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Nan Ingila akwai shaguna da ba su sayar da komai sai kayan wanga aiki. Ka shiga ka ga kwalaye tun daga ƙasa har rufi, na Airfix wanda kamfanin nan ƙasar ne tun 1939 ko da yake yawancin robarshi yanzu a Indiya ake zubawa, ga Tamiya da Hasegawa na Japan, ga Revell na Jamus, Italeri na Italiya, Trumpeter na Sin. Nawa na Kinetic ne. Amma fentin shi ne abin kallo. Ba ka cewa a ba ni kore, kore ya fi kala goma, kowace kala da lambarta, takardar bayani za ta ce maka lamba kaza ce cikin mazaunin matuƙi lamba kaza ce ƙarƙashin fiffike, idan ka sayi kwalba yau ta ƙare ka koma bayan shekara ka kira lambar nan, kalar da za a ba ka ita ce sak babu bambanci ko kaɗan. Ka tuna lokacin da anka yi wa ƙofar gida fenti galan na biyu ya fito daban da na farko alhali sunan kala ɗaya ne a jiki, to abin da ba ya faruwa nan ke nan, kuma ba don sun fi mu ido ba ne, ma'auni ne anka tsayar kowa shina bi.

Aikin kansa daga ciki ake farawa. Sai ka gama mazaunin matuƙi tukuna, kujerun nan biyu masu cilla mutum waje idan jirgi zai faɗi, da allon agogai, da sandar tuƙi, ka fente su da buroshi mai bakin allura, don da zarar ka rufe jikin jirgi hannu ba ya sake kai wa can. Ɗan mutum-mutumin matuƙi da wasu kwalaye ke zuwa da shi ni ba na sa shi, kujera nake bari haka nan in yi mata bel da siririn tef. Kafin ka haɗa rabi da rabi dole ka cusa ɗan nauyi a hancin jirgin, dalma ko 'ya'yan boris na keke, in ba haka ba ranar da ka tsayar da shi kan tayoyinshi sai ya zauna da wutsiya hanci a sama. Gam ɗin da ake amfani da shi ba liƙewa yake ba, narkar da robar yake kaɗan sai ɓangarorin biyu su zama abu guda, ruwa-ruwa ne, ka haɗa su ka taɓa bakin buroshi a tsagar shi da kanshi zai bi layi ya shige. Bayan ya bushe sai a bi sawun haɗin da abin cike tsaga a goge da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, mai lamba 600 sannan 1000 sannan 1500, har sai farce ya wuce bai ji komai ba. Wanga mataki shi ya fi cin lokaci kuma shi ke raba aikin ƙwarai da na gaggawa.

Fenti da ƙaramar bindigar feshi nake yi, girmanta bai wuce biro ba, tana aiki da ɗan kwamfaresa. A rufe gilashin da tef, a fesa share fage, sannan kala mai haske kafin mai duhu, kuma shafa siriri sau da yawa ya fi kauri sau ɗaya don kauri shina binne layukan jikin jirgin. Tambarin kuma ba sitika ba ne irin na babur, sai ka tsoma shi a ruwan ɗumi ya saki takardarshi ka zame shi a hankali zuwa wurinshi, kuma sai jiki mai sheƙi yake kamawa da kyau, in ka ɗora shi kan fenti marar sheƙi iska za ta maƙale a ƙarƙashi ya riƙa ƙyalli fari-fari. Tambarin Nijeriya daban na yi odarshi wajen wasu masu buga na ƙasashen Afirka, a ambulan ya zo ta ƙofa. Daga ƙarshe a tsinka baƙin fenti sosai a bi layuka da shi, a ɗan sa baƙin hayaƙi bayan injin, sai ka ga abin ya tashi daga roba ya koma ƙarfe.

Sai maganar yadda suke mu'amala da mai saye. Akwai wani kwali da na taɓa oda ta intanet, ya iso gilashin mazaunin a tsage. Hoto kawai na ɗauka na tura, ba rantsuwa ba shaida ba a ce min ni na fasa ba, cikin 'yan kwanaki sabon gilashi ya iso kyauta. Da farko na ɗauka kirki ne kawai, ashe doka ce ke bayansu, abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka fasa ciniki ko da lafiyarshi lau, in kuwa da aibi ya zo kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka. Mu kuwa ka san rasit ɗin kasuwa da rubutun nan na in kaya ya fita ba ya dawowa. Ban ga laifin ɗan kasuwarmu sosai ba, shi ma haka anka sayar mishi daga Legas ko Kano babu wanda zai mayar wa. Haka kuma ba su sayar wa yaro ƙasa da shekara 18 wuƙar aikin, fentin gwangwani na feshi kuma sai ya kai 16.

Akwai gidan tarihin sojan samansu a Cosford, ba nisa da Birmingham inda nake, shiga kyauta ne, jirage na gaske jere cikin rumfuna, ka matsa kusa ka ɗauki hoton taya da ƙusoshi yadda kake so babu mai ce maka don mi. Ka gwada ɗaga waya kusa da jirgin soja a gida ka ga tambayoyin da za ka amsa. Namu gidan tarihin yaƙi da ke da tsofaffin jirage yana can Umuahia, yaron Sakkwato yaushe zai je. Kusa da Cosford ɗin kuma a garin Telford duk watan Nuwamba ake babban taron masu wanga sana'a, tsofaffi masu furfura da jikokinsu, kowa ya baje abin da ya haɗa, ka tambayi mutum yadda ya yi kaza ya zauna ya yi maka bayani tiryan-tiryan ba ya ɓoye komai.

Amma kada ka ɗauka komai nasu ya fi. Tsada kam akwai ta, kwali mai kyau na 1/48 shina kai fam 30 zuwa 50, ƙaramar kwalbar fenti wajen fam 3, ka buga da canjin yau ka gani. Gyara kuma babu. Da kwamfaresana ya fara zubar da iska duk inda na kai sai a ce sabo ya fi araha don kuɗin aikin mai gyara ya fi kuɗin abin, wallahi ranar na yi kewar gida, da a Sakkwato ne mai gyaran firij zai kwance shi ya gano robar da ta mutu ya yanko wata ya sa, ko ma ya haɗa min wani daga injin tsohon firij. Kuma duk ƙwarewar da na gani a Telford ban ga hannun da ya fi na dukawanmu masu yi wa jar fata ado ba, ko yaran nan masu gyaran waya da ke ɗaga abin da ido da ƙyar ke gani. Hannu muna da shi, kayan aiki masu tabbas da wanda zai tsaya bayan kayan ne babu.

Game da yaron, zan aiko mishi amma ba irin nawa ba tukuna, ƙarami na 1/72 mai gutsattsari kaɗan, da fenti mai haɗin ruwa da buroshi biyu, idan an samu mai zuwa gida. Gam ɗin da fentin gwangwani ba za su zo ba don masu kama wuta ne ba a yarda a hau jirgi da su. Ku nemi sufa gulu ya riƙa ɗiga kaɗan da bakin tsinken sakace, amma kada ya kusanci gilashin da shi don shina sa shi ya yi fari, gilashi da farin gam na kafintoci za a liƙa. Samfefa mai laushi akwai wajen masu fentin mota, sai dai kada a karɓi fentinsu ko tinarsu, cinye robar suke. Abin yanke farce ya isa cire gutsattsarin daga firam, reza kuma sai kana kusa. Kada a bar kwalin cikin mota ko ɗakin kwano da rana don zafin watan Afrilu shina iya lanƙwasa fiffike, in kuma lokacin hunturu ne ya yi fentin da safe a ɗaki rufe ya kifa roba a kai har ya bushe saboda ƙura. Ka ce mishi ya karanta takardar tun daga farko har ƙarshe kafin ya yanke komai, in ya kai wajen tambari ku kira ni ta bidiyo mu yi tare.