Sa'a ko iyawa? Dara, karta da cacar waya a kan sikeli ɗaya

Wani ƙaninmu ya yi tambaya mai kyau. Ya ce shi a majalisarsu ba mai ja da shi a karta, kuma wasan Firimiya ba ya wuce shi. To ga wani abokinsa ya dame shi da cewa wasan jirgin nan na waya da bet ɗin ƙwallo su ma iyawa ne, wai wanda ya gane lagonsu ba ya faɗuwa. Shi ne yake son ya sani, gaskiya ne, ko kuwa duk sa'a ce?

Ƙanina, wasannin nan kashi biyu ne, kuma haɗa su da ake yi a kwano ɗaya shi ne abin da ke cin aljihun samari. Akwai wanda kake karawa da mutum irinka, akwai kuma wanda kake karawa da mai gidan, wato kamfanin da ya ƙera wasan, ya kafa doka, ya kuma yanka abin da zai biya. Kafin ka tambayi ko akwai iyawa a wasa, fara tambayar da wa kake yi.

Akwai gwaji mai sauƙi da masu nazarin wannan fanni ke amfani da shi: za ka iya faɗuwa da gangan? Ɗauki dara. Gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗan abokin wasanka. In ka ga dama sai ka yi ta ajiye 'ya'yanka inda bai dace ba har a cinye ka, don abin a hannunka yake. Shi ya sa dattijon da ya shekara talatin yana dara a gindin bishiya zai cinye yaro sau goma a jere ba tare da ya yi gumi ba. Haka ches, darar Turawa. Yanzu koma kan rulet, faifan nan mai juyawa na gidan caca da ake jefa wa 'yar ƙwallo. Ka ce yau da gangan kake so ka faɗi, sai ka ga ka ci. Wasan da ba za ka iya lalata shi da kanka ba, ba kuma za ka iya gyara shi da kanka ba.

Lido da karta suna tsakiya. Ƙwaya ce ke ba ka shida ko ta hana ka, amma kai ke zaɓar ɗan da za ka tura. A zama ɗaya sabon shiga na iya cinye gwani, a zama ɗari kuwa gwani zai fito fili. Saboda haka ban musa maka gwanintarka ta karta ba. Abin da nake so ka lura da shi, a majalisa ba mai zaftare komai a tsakani, kuma abokan wasanka mutane ne masu yin kuskure. Daga kuskurensu kake ci.

A ɓangaren mai gida kuwa lissafi ne zalla, kuma ba ma ɓoye shi ake yi ba. Faifan rulet irin na Turai yana da gurbi 37, daga 0 zuwa 36. In ka sa naira 100 a lamba ɗaya ta fito, ribarka ninki 35 ce. Da adalci za a yi, ninki 36 ya kamata a ba ka. Wannan ɗan giɓin shi ne kashi 2.7 cikin 100 da gida ke ɗauka a kan duk kuɗin da ya hau tebur. Na Amurka yana da gurbi 38, don an ƙara 00, sai kason gida ya haura zuwa 5.26. Ko gurbi mai launin ja ka zaɓa ko baƙi, ko ka bi lambar da ka yi mafarki da ita, kason nan yana nan daram. Gidan caca ba ya buƙatar ya yi maka maguɗi, dokar wasan kanta ta riga ta yi masa aikin.

Wasan jirgin da abokinka ke yabo, wato Aviator, wanda kuɗinka ke ninkuwa yayin da jirgin ke tashi amma in ya ɓace kafin ka cire ka rasa, ɗan wannan gida ne. Masu shi da kansu sun rubuta cewa kashi 97 cikin 100 na kuɗin da aka zuba ne ke komawa ga 'yan wasa. Jin 97 sai mutum ya ce ai da sauƙi. Amma ba a kan kuɗin da ka loda ake cire ukun nan ba, a kan kowane zubi ne. Ka loda naira 10,000, kana sa 1,000 a kowane tashi. Kana ci kana faɗuwa, kana mayar da abin da ka ci, kafin dare ka yi tashi 100. Ka ga ka zuba 100,000 ke nan a jimlace, kason gida a matsakaici 3,000 ne, kusan sulusin abin da ka shigo da shi, a yini guda. Kuma inda jirgin zai ɓace an riga an fitar da shi kafin ya tashi. Danna maɓallin cire kuɗi da kake yi da yatsanka shi ke sa ka ji kamar kai ke tuƙi, alhali ko a ninki 1.5 ka saba fita ko a ninki 10, kason gida ɗaya ne. Bambancin kawai, wani a hankali kuɗinsa ke zurarewa, wani kuma a tashi ɗaya.

Na san abin da abokin naka zai ce: ai ana duba tarihin tashin baya, in ya faɗi da wuri sau biyar, na shida zai yi nisa. Wannan tunani ya daɗe yana halaka mutane. A watan Agustan 1913, a gidan cacar Monte Carlo da ke Monako, ƙwallon rulet ta faɗa baƙi sau 26 a jere. Tun wajen karo na goma sha biyar mutane suka yi ta tula kuɗi a kan ja, wai ai dole yanzu ya fito, suka tafka asarar miliyoyi. Faifai ba ya tuna abin da ya yi ɗazu, kwamfuta ma haka. Dabarar ninka kuɗi bayan kowace faɗuwa ita ma ƙanwar wannan ce. Ka fara da 100, sai 200, sai 400. In ka faɗi sau goma a jere ka zubar da 102,300, kuma duk wannan wahalar don neman ribar naira 100 ce. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Masu tallan manhajar hasashe a Telegram kuwa, tambaya ɗaya ta ishe su: wanda ya san inda jirgi zai tsaya, me zai yi da dubu biyar ɗinka?

A cikin duk wasannin da ake yi da gida, bilakjak, wasan kati na neman maki 21, shi ne ya fi shahara da samun ƙofa ta gaske. Wani malamin lissafi Ba'amurke, Edward Thorp, ya nuna a 1962 cewa wanda ke riƙe lissafin katunan da suka fita zai iya sanin lokacin da ragowar ke goyon bayansa, ya ƙara kuɗi a lokacin. Iyawa ce ta haƙiƙa. Duba kuma abin da gidajen caca suka yi: suka ƙara yawan ƙunshin katin da ake rabawa, suka yawaita cakuɗawa, suka riƙa sallamar duk wanda suka gane yana ƙirga. A na waya da kwamfuta ke rabawa, ana sake cakuɗa katin bayan kowane hannu, babu ma abin ƙirgawa. Wannan labarin ya fi komai nuna halin mai gida. Duk inda iyawa ta ɓullo, toshe wurin yake yi.

Poka, wani wasan kati na kuɗi, ta sha bamban, don da mutane ake yinta, gida kamasho kawai yake yanka a kowane tulin kuɗi. Akwai ƙwarewa sosai a cikinta, har ta kai a 2017 wata manhaja mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta doke ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh. Sai dai an buga hannu 120,000 cikin kwana 20 kafin masana su yarda cewa ba sa'a ba ce. Ka riƙe wannan adadi. Ko a wasan da iyawa ke aiki, ba a dare ɗaya ake ganinta ba, kuma kuɗin da gwani ke ci daga aljihun marasa ƙwarewa yake fitowa, bayan an cire kamasho.

Sai ƙwallo, wadda na san ita ce ta fi tsaya maka a rai. Sanin ƙwallo ilimi ne, ban ƙi ba. Amma ba da jahilai kake karawa ba, da kamfanin da ke da ma'aikata da na'urori masu bin kowane rauni da kowane jan kati kake yi, kuma duk abin da ka sani game da Arsenal an riga an sa shi a cikin farashin. Ga yadda ribarsu take. A ce abu biyu ne masu damar faruwa daidai wa daida, kamar za a ci ƙwallo uku ko ba za a kai ba. Sai a sa wa kowanne 1.90. Kai ka sa 1,000 a nan, wani ya sa 1,000 a can. Kamfani ya karɓi 2,000, ya biya wanda ya ci 1,900, ya soke 100 a aljihu ko wace ƙungiya ta yi nasara. Yanzu jera irin wannan wasa guda 10 a tikiti ɗaya, kamar yadda samari ke yi. Damar su shiga duka 1 ce cikin 1,024. Naira 100 ɗinka ta cancanci 102,400, amma abin da za a rubuta maka wajen 61,300 ne. Kason gida ya tashi daga kashi 5 zuwa kusan 40. Shi ya sa dogon tikiti ne aka fi tallatawa, shi ya sa kuma kullum kake jin "wasa ɗaya ne ya yanke min". Wasa ɗayan nan ba tsautsayi ba ne, a tikiti mai wasa goma abin da aka fi tsammani shi ne aƙalla wasa ɗaya ya yanke. Wa ya ba Saudiyya a kan Ajantina a Qatar a 2022? Ta ci 2 da 1. Leicester kuwa ninki 5,000 aka sa mata kafin ta ɗauki kofin Firimiya a 2016. Ƙwallon kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintuna ba ta ma shiga wannan magana ba, rulet ce aka sa wa riga da gajeren wando.

Wasanni irin su eFootball da Call of Duty da Free Fire suna ɓangaren iyawa, yatsa da ido da atisaye ne ke raba gardama. Sai dai an cusa musu caca ta bayan gida, wato akwatunan da kake saya da kuɗi ba ka san ɗan wasa ko makamin da zai fito ba. Beljiyam ta ayyana irin waɗannan akwatuna a matsayin caca tun 2018. Masu ƙanne da 'ya'ya su sa ido a nan.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, tunda ni da kai mun san gidan da muka fito. Kasancewar wasa na iyawa ba ya wanke kuɗin da aka ɗora a kansa. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun ambaci caca tare da giya, suka faɗi abin da take haifarwa na gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Ko dara ce, in kowa ya ajiye kuɗi wanda ya ci ya kwashe, malamai caca suke kiranta. Abin lura, Indiya ma da kotunanta suka shafe shekaru suna rarrabe wasan sa'a da na ƙwarewa, a Agustan 2025 majalisarta ta haramta wasannin kuɗi na intanet gaba ɗaya, na sa'a da na ƙwarewa, saboda ɓarnar da aka gani a gidaje. A Kano kuma Hisbah ta rufe shagunan bet a 2024, amma shagon da ke cikin waya ba a sa masa kwaɗo, kuma shi ne ke bin yaro har shimfiɗarsa.

Abokin naka kuma, kada ka tsaya musu da shi a kan hoton cin da ya tura maka. Ce masa ya buɗe tarihin asusunsa na wata shida, ku zauna tare da biro da takarda, a tara duk abin da ya loda a gefe ɗaya, abin da ya cire zuwa banki a ɗaya gefen. In ya ƙi buɗewa, ko ka ga ya fara cin bashi ko taɓa jarin shago don ya maido abin da ya tafi, to maganar ta wuce ta sa'a da iyawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma likitocin ƙwaƙwalwa suna duba masu ita. Ka samu wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa, ku yi masa magana a keɓe ba tare da tozartawa ba, in ya amince ku raka shi asibiti.