Digiri na biyu a antirofoloji daga Legas: ya biya kuɗin wahalarsa?

Ɗan Arewa mazaunin Legas da ke son digiri na biyu a antirofoloji, wato nazarin ɗan'adam da al'adunsa, sai ya shirya wa hanya. A Jami'ar Legas (UNILAG) da Jami'ar Jihar Legas (LASU) fannin yana raɓe ne a sashen ilimin zamantakewa. Sashe mafi kusa da ke ɗauke da sunansa yana Jami'ar Ibadan, haɗe da ilimin tono kayan tarihi. Jirgin ƙasa daga Ebute Metta ko Agege yakan kai mutum tashar Moniya ta Ibadan cikin kusan awa biyu da rabi, amma mai aikin ofis ba zai jure wannan jigilar ba a zangon da ake zaman aji.

Sharuɗɗan shiga ba su da tsauri: digiri mai daraja ta biyu, takardar bautar ƙasa, da cikakken sakamako daga tsohuwar jami'a. Na ƙarshen nan ke kayar da mutane, domin jami'ar ce ke aikawa da kanta, kuma takan ja watanni. A nema tun kafin a sayi fom. A takarda karatun zango uku ne, sai dai yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Mai niyyar digiri na uku ya sa ido kan makinsa: a Ibadan sai ya haɗa 60 cikin 100 zai wuce kai tsaye.

Darussan aji ba laifi. Inda karatun yake da romo shi ne aikin fili, wato fita cikin jama'a a yi bincike, kuma a nan Bahaushen Legas ya fi abokan ajinsa sa'a, don filin yana ƙofar gidansa: 'yan gwari a Mile 12, mahauta da dillalan shanu a Oko-Oba, zuri'ar fataken goro a Agege. Abner Cohen da ya yi suna a fannin, Hausawan Sabo na Ibadan ya zauna da su a shekarun 1960, yana bin cinikin shanu da goro. Amma jin Hausa ba ya isa. Ɗalibin da ya faɗa kasuwa da rikoda bai fara gaida Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa ba, za a ɗauke shi ɗan haraji ko ɗan leƙen asiri, a yi ta ba shi amsar fatar baki. Namiji kuma ba zai shiga turakar matan aure ba, sai ya sami mataimakiya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara hira arba'in ba a rubuta ko ɗaya ba. Hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida wajen rubutawa, kafin ma a juya ta zuwa Turanci. A rubuta kowace hira a makon da aka ɗauke ta, a kuma ajiye takardar amincewar wanda aka zanta da shi.

Batun aiki, kada kowa ya yaudare ku. Gidan tarihi na Onikan a Legas da sauran na hukumar gidajen tarihi ta ƙasa (NCMM) guraben su kaɗan ne, koyarwa a jami'a kuma galibi tana neman digiri na uku. Kasuwar tana wajen kamfanonin binciken ra'ayin masu saye, da kamfanonin manhajar kuɗi da ke son gane me ya sa mai shago ya fi yarda da adashi da mai POS a kan banki, da ƙungiyoyin lafiya, da masu tantance yadda hanya ko gada za ta shafi mazauna wuri kafin a tashe su. Waɗannan ba sa tambayar sunan digiri. Samfurin rahoto suke nema, da iya jagorantar tattaunawar mutum takwas zuwa goma cikin Hausa, da sanin manhajojin nazarin hira irin su NVivo ko ATLAS.ti.

Hukuncinmu: ga mai son bincike ya cancanta. Wanda ƙarin girma kawai yake nema a ofis, digirin ilimin zamantakewa a UNILAG da ke Akoka ko LASU da ke Ojo zai fi masa sauƙin kuɗin mota da haya.