Lesin ɗin yamma na ƙauyenmu

Ɗana yana aji biyar na firamare, a takarda ya iya ninkawa da rabawa. Amma ka tambaye shi kuɗin kwano bakwai na gero a kasuwar Gujungu, sai ya hau sosa ƙeya. Shi ya sa na kai shi lesin da wani malami yake yi bayan la'asar a zaurensa, nan kusa da Taura.

Malamin ba ya barin ƙa'ida ta kwana a allo. Yau ya koyar da kashi ɗaya cikin goma, gobe ya kawo zakkar hatsi: ushuri ga gonar damina, rabinsa ga wadda aka shayar da inji. Jibi ya juya ta zuwa awon taki, bai ce musu lissafin jiya ne ba, su za su gano. Da kaka yaron ne ya fitar mana da zakkar dawa.

Turanci kam har yanzu hadda ce zalla, yaro ya rera, amma ba ya iya karanta kwalbar maganin feshi. Zauren ma ya yi kaɗan, ƙanana a bakin ƙofa suke zama.