Jidda ko Dubai: amsa ga mai iyali da aka yi wa tayin aiki biyu

Assalamu alaikum. Ɗan uwanmu da ya yi tambaya daren jiya, Allah ya sanya albarka a wannan buɗi. Ga waɗanda ba su gani ba, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne na asibiti, yana da mata da yara uku. An yi masa tayin aiki a Jidda kan riyal 9,000 a wata, an yi masa wani a Dubai kan dirhami 9,000. Ya ce ya ji duk ƙasashen biyu ba a biyan haraji, to wanne zai ɗauka? Na yi shekara shida a Jidda, yanzu ina cikin ta huɗu a Sharja, kullum ina shiga Dubai aiki. Bari in faɗa maka abin da ya ratsa ta aljihuna.

Kuɗin biyu kamar Hassan da Husaini suke. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, a can kuma dirhami 3.67, duk an ɗaure su da dala tun da daɗewa. Kuma gaskiya aka gaya maka, babu inda ake yankar harajin albashi. Amma hukuma tana da wasu ƙofofin. Harajin saye da sayarwa ƙasashen biyu tare suka fara shi a Janairun 2018 kan kashi 5 cikin ɗari. Saudiyya ta ninka nata sau uku zuwa kashi 15 a Yulin 2020, Daular Larabawa tana nan kan 5. Duk ranar da ka yi cefane a Jidda za ka gan shi a gindin rasiɗi.

Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da nake so ka zauna ka lissafa shi ne kuɗin iyali, wanda a can ake ce wa kuɗin murafiƙin. Tun Yulin 2017 Saudiyya take karɓar kuɗi kan kowane mutum da baƙo yake riƙe da shi a ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar zamansa. An fara da riyal 100 a wata, ana ƙara ɗari duk shekara, har ya tsaya kan 400 a Yulin 2020. Uwargida da yara uku, mutum huɗu ke nan, riyal 1,600 duk wata, 19,200 a shekara. Wato sama da albashin wata biyu ya tafi kafin ka sayi ko kwanon shinkafa. Kuma ba bashin da ake ɗaga wa ƙafa ba ne: in ba ka biya ba, ba za a sabunta iƙama ba, ba za a ba iyalinka bizar fita da dawowa ba.

Ni wannan kuɗin ne ya raba ni da Jidda. Lokacin da ake ɗaukata aiki an ce mini da baki kamfani zai riƙa biyan rabi. Ban nemi a rubuta ba, kunya ta hana ni. Da kuɗin ya kai 300 na je ofis na tuna musu, mai kula da ma'aikata ya ɗauko kwantiragina ya buɗe a gabana, ya bi shi da yatsa layi-layi, ya ce in nuna masa inda aka rubuta. A daren nan ni da uwargida muka baje takarda a tabarma bayan yara sun yi barci, muka yi ta lissafi har aka kira assalatu. Ƙarshen zangon karatu na raka su filin jirgi. A benen da muke, gida uku ne suka yi irin wannan rakiya a shekarar.

Dubai ba ta karɓar kuɗin kai. In albashinka ya kai dirhami 4,000, ko 3,000 tare da masauki, kana iya ɗauko iyali, kuma tun 2019 ba a duba sunan sana'arka. A Saudiyya ana dubawa: wanda aka rubuta wa lebura a iƙama ba ya ɗauko iyali ko nawa yake samu. Sai dai abin da Dubai ta bar maka, mai gidan haya yana nan yana jiran sa. Ana biyan haya da cak, na shekara a dunƙule ko a kasa biyu ko huɗu, ga kuɗin ajiya, ga la'adar dillali. Sannan hukumar birni tana ɗora kashi 5 cikin ɗari na hayar shekara, ta rarraba shi cikin takardar wuta da ruwa ta DEWA duk wata. Ba su kira shi haraji ba, amma aljihu bai san bambanci ba. Shi ya sa irinmu muke kwana a Sharja ko Ajman, mu fito bayan sallar asuba mu shiga cunkoson titin Ittihad, ƙofar biyan kuɗin hanya ta Salik tana cirar nata duk wucewa. Makarantar yara kuwa ta kuɗi ce nan da can, amma ta Dubai ta fi cizo.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. A Saudiyya doka ta ɗora wa kamfani inshorar lafiyar ma'aikaci da iyalinsa. A Dubai kai kaɗai kamfani ya wajaba ya yi wa, mata da yara suna wuyanka. Abu Dabi ce ta bambanta, can kamfani yana ɗaukar mata ɗaya da yara uku 'yan ƙasa da shekara 18.

Sai maganar takarda, wadda ita ce numfashin baƙo. A Saudiyya an sassauta tsarin kafili, wato kafala da ke ɗaure ma'aikaci da maigidansa, a Maris ɗin 2021. Yanzu bayan shekara ɗaya kana iya sauya wurin aiki ta manhajar Qiwa ba sai maigida ya yarda ba, kana iya neman bizar fita da dawowa da kanka ta Absher. Amma bizar tana nan, ana biyan ta, tana da wa'adi. Kuma sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. Ina faɗar wannan ne saboda 'yan uwanmu mata da dillalai suke ruɗa da cewa an soke kafala. Kai bai shafe ka ba, amma wata tana karantawa. A Dubai babu izinin fita, ka sayi tikiti ka tafi, sharaɗin kawai kada ka wuce wata shida a waje, in ba haka ba takardar zamanka ta mutu. Wanda ya zarce wa'adi ana ɗora masa tarar dirhami 50 kowace rana. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokar ƙasashen biyu, duk wanda ya ce ka kawo ya ajiye maka, ka ce masa ka gode.

A nan Dubai ta fi sakin mara, ba gardama. Amma mai koren fasfo kada ya manta da Oktoban 2022, lokacin da Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, ba a buɗe ba sai Yulin 2024. Na san waɗanda suka yi kusan shekara biyu ba su iya kawo ko mahaifiya ziyara ba. Abin da ya faru sau ɗaya dole mai iyali ya sa shi a lissafi.

Tun da aikin asibiti ne, ko'ina sai an tantance takardunka ta DataFlow, sai ka samu lasisi: a Saudiyya daga hukumar ƙwararrun lafiya, a Dubai daga hukumar lafiya ta birnin. Ka tambaya wa zai biya. Kuɗin sallama kuma, Saudiyya rabin albashin wata ne kan kowace shekara a biyar ɗin farko, kuma in kai ka ajiye aiki kafin shekara biyu ba ka da komai. A Dubai kwana 21 ne kan kowace shekara a biyar ɗin farko, amma a kan tushen albashi kawai ake lissafi, ban da alawus. Ka duba yadda aka kasa 9,000 ɗin nan.

Labaran gari kuwa ka ɗauke su da muhimmanci kamar abinci, don doka tana sauyawa a dare ɗaya. A Jidda ina duba Saudi Gazette da Arab News, a nan Gulf News da Khaleej Times. Duk mako ma'aikatar cikin gida ta Saudiyya tana fitar da adadin waɗanda aka kama kan iƙama da aiki ba izini, kuma taimaka wa marar takarda da masauki ko mota laifi ne mai girma. Wannan zai gwada ka a Jidda, domin Hausawa suna da yawa, kuma wata rana wani zai buga maka ƙofa. Hajji ba tasrihi, wato takardar izini, ma haka, a 2025 tarar ta kai riyal 20,000, ga kora. A ƙasashen biyu ka kama yatsanka a waya. Ɗaukar hoton mutum ba izini, ko yaɗa jita-jita, ko zagi a WhatsApp, duk suna kai mutum gaban alƙali.

Akwai abin da biro ba ya lissafawa. Daga Jidda, in ka tashi aiki ranar Alhamis, kana iya yin isha'i a Harami. Juma'a da Asabar hutu ne. A Dubai tun Janairun 2022 hutun ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a ana aiki. Har yau in na tuna yarana suna zagaya Ka'aba riƙe da gefen haramina, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

To da ni ne kai, ɗan uwa, ga abin da zan yi. Zan rubuta wa na Jidda in tambaye su ko za su ɗauki kuɗin murafiƙin, da masauki, da sunan sana'ar da za a sa a iƙama. In sun yarda kuma sun sa cikin kwantiragin da zai hau Qiwa, Jidda zan tafi ban waiwaya ba. In sun ƙi, kuma na Dubai ba su ba da gida ko kuɗin makaranta ba, 9,000 ba za ta riƙe mutum biyar cikin walwala a ko'ina ba, sai dai ka fara tafiya kai kaɗai na shekara ɗaya ka ga ƙasa. Ka turo mini yadda aka kasa albashin a takardun biyu, ka rufe sunanka da na asibitin, mu yi lissafin tare bayan magariba.