Karanshaf ɗin tsohon injin jirgin ruwa ya ci: a buɗe a gyara ko a sayi wani?

Duk mai jirgin inji a Yawuri ya san ƙarar nan. Ana cikin tafiya sai ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙarƙashin filawil, wato faifan nan mai nauyi da ke juyawa a saman injin, in ka ƙara wuta ta ƙaru. Ka kwance fulogi ka ga burbushin ƙarfe a bakinsa. To karanshaf ne, wato sandar cikin inji da fistin ke juyawa, ko boris ɗinsa, sau da yawa ma duka biyun. Nawa injin Yamaha Enduro ne mai doki 40, tsohon yayi, kuma sau biyu ina shiga wannan hali, shi ya sa nake son mai irin injina ya ji abin da na gani kafin ya zaro kuɗinsa.

Hanyoyi huɗu ne a gabanka: walda da gogewa, sabon karanshaf ɗan China, na hannu da ake ce wa tokumbo, ko a buɗe naka na asali a sake masa kayan ciki.

Walda kam, ka manta da ita. Konrod, wato ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, a kan wani guntun ƙarfe da ake ce wa fin yake zaune. Siraran ƙarafan boris ɗinsa, allurai ke nan, a kan fin suke birgima kai tsaye, shi kuma fin ɗin an gasa fatarsa ta yi tauri tun daga kamfani. Da wutar walda ta taɓa shi taurin ya tafi, allurai su cinye shi cikin 'yan kwanaki. Abin da ake yi wa karanshaf ɗin mota ba ya yi a nan.

Tokumbo caca ce. Wasunsu daga injin da ya sha ruwa aka ciro su, tsatsa kuma tana ɓoye a daidai inda allurai suka kwanta, inda ido ba ya kaiwa. Sabo ɗan China yana zuwa a haɗe da konrod, yana da sauƙin kuɗi, wani ya yi shekara yana aiki, wani bai kai wata ba. In kana da lodi gobe kuma babu mai gyara kusa, ka saya, amma ka auna shi kafin a ɗaura.

Ni abin da nake so shi ne a buɗe na asali. Karanshaf ɗin waɗannan injuna masu silinda biyu ba dunƙulallen ƙarfe ɗaya ba ne, gunduwa-gunduwa ne aka matse da injin matsi. Ana iya raba shi a cire fin da konrod da allurai da washa biyu na gefe, a sa sababbi, a sake matsewa. Manyan faifan ƙarfen jikin karanshaf na asali, ƙirar Japan, ba sa mutuwa sai in wurin zaman filawil ya tsage ko haƙoran ƙasa da sandar farfela ke shiga sun cinye. Sannan boris ɗin tsakiya da sil ɗin da ke raba ɗakunan silinda biyun ba a isa gare su sai an raba karanshaf, don haka in an buɗe a canza su gaba ɗaya, kar a ce ai wannan da sauransa.

Sirrin aikin yana wajen daidaitawa. Na zauna na kalli wani dattijon bakanike yana yi. Ya ɗora karanshaf a kan ƙarafa biyu masu baki kamar V, ya kafa agogon awo, yana juyawa a hankali yana duban allurar agogon. In ta karkata sai ya sa alli a wurin, ya ɗauki gudumar tagulla ya ɗan buga, ya sake juyawa. Ya fi awa ɗaya a kan haka. Na ce, “Baba, ai ya miƙe.” Ya ce, “Alhaji, idonka ne ya ce ya miƙe, agogo bai ce ba.” Karkatar da ake yarda da ita ba ta wuce 0.03 zuwa 0.05 na milimita, kuma fin biyun dole su zauna daidai kishiyar juna, digiri 180. Duk wanda ya ce zai buɗe maka karanshaf, ka ce ya nuna maka agogonsa. In guduma da jak kawai ya nuna maka, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Kafin ka je sayen kaya, duba ƙaramin farantin da ke jikin maƙalar injin. Doki 40 ba iri ɗaya ba ne. Lambar 66T ta E40X ce, 6F5 da 6F6 na tsofaffin E40G da E40J ne, kuma karanshaf ɗinsu ba ya shiga na juna. Masu doki 15 su ma akwai 63V akwai 6B4. Lambobin boris na Yamaha da 933 suke farawa, kuma kamfanonin boris na Japan irin su Koyo da NTN da NSK ne ke ƙera irin waɗannan. Shi ya sa wani boris mai ƙwallo za ka same shi a shagon boris da lambarsa ta gama-gari. Amma ka riƙe tsohon a hannu ka gwada. Wasu na inji suna da ɗan ƙusa ko tsagi a bayansu da ke hana su juyawa cikin bulok, na kasuwa ba shi da shi. Ka nemi mai alamar C3 in tsohon yana da ita, don yana da ɗan sarari na zafi. Kuma kar ka karɓi mai murfin roba ko na ƙarfe, domin man da ka haɗa da fetur shi ne ke ratsawa ya jiƙa boris.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Gyaran farko na sayi boris a wani shago, kwalinsa fes, an rubuta Japan da manyan baƙaƙe, kuɗinsa bai kai rabin na wani shagon ba, na ce na yi sa'a. Sati uku, ina tsakiyar ruwa da buhunan shinkafa da mutane, kejin boris ɗin sama, wato abin da ke riƙe da ƙwallaye ko allurai a jere, ya fashe. Gutsattsarin ya bi ta cikin silinda ya kankare fistin da bango. Da filafili muka ja zuwa gaɓa, mata na salati, iska na tasowa. Na yi asarar bulok saboda abin da bai kai kuɗin jarkar mai ba.

Jabun boris ya cika kasuwa, kuma kwali ba shaida ba ne, don kwalin ma bugawa ake yi. Akwai masu wanke tsoho su goge shi ya yi ƙyalli, su cusa masa giris mai kauri don ya haɗiye ƙara, su naɗe a leda. Ka ce a ba ka ɗan fetur ka wanke shi a gaban mai shago, ka ɗiga mai kaɗan, ka sa yatsa a ciki ka juya kusa da kunnenka. Na kirki sumul yake tafiya, jabu kuwa za ka ji kamar da yashi. Duba rubutun gefe: na asali siriri ne a jere, na jabu wani harafin ya fi wani zurfi. Duba kejin, ko ƙusoshinsa sun zauna daidai. Fin kuma ka ɗora masa zarto a gefen da allurai ba sa bi. In zarto ya zame to da tauri, in ya kama ya ci, ajiye shi. Allurai kada a haɗa maka tsoho da sabo, ko na saiti biyu. Mai shagon da ya hana ka wankewa ya riga ya ba ka amsa. NSK ma har manhajar waya suka fitar mai suna NSK Verify don tantance kwalinsu. In da hali, ka aika Legas wajen dillalan Yamaha na hukuma ka jira sati guda, ya fi maka.

Bayan an ɗaura, ka sa sababbin sil na ƙasa, don ta nan ruwa ke hawa ya sa tsatsa. Awa goman farko ka haɗa mai lita 1 cikin fetur lita 25, ba lodi mai nauyi, ba cika wuta, daga baya ka koma 1 cikin 50. Man injin ruwa mai alamar TC-W3 za ka nema, ba baƙin man mota ba. Kuma ka kula da kututturan da ke ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka tare ruwan a 1968, musamman in ruwa ya ja baya, domin duka ɗaya mai ƙarfi a farfela yana iya murɗe karanshaf ɗin da aka sha wahalar daidaitawa.