RTX 3060 ko RTX 4060: Amsa ga ɗan'uwa mai wasa da wutar inbata

Wani ɗan'uwa daga Barnawa a Kaduna ya tambaya ko wane katin sarrafa hoto na kwamfuta ya kamata ya saya tsakanin RTX 3060 mai ma'ajiyar gigabait 12 da RTX 4060 mai gigabait 8. Ya ce sikirinsa na 1080p ne, yawancin wasanninsa ƙwallon ƙafa ne da GTA V da Warzone, kuma idan an ɗauke wuta da inbata yake ci gaba da wasa.

Ɗan'uwa, duka katunan biyu na kamfanin NVIDIA ne. Na farko ya fito a watan Fabrairun 2021 a kan dala 329, na biyu kuwa a watan Yunin 2023 a kan dala 299. A sikirin irin naka 4060 ya fi sauri a mafi yawan wasanni, sai dai tazarar ba ta kai wadda sunayensu za su sa mutum ya zata ba, kuma a wasan ƙwallo da GTA V da wuya idonka ya rarrabe su.

Inda 3060 ya yi zarra shi ne ma'ajiya. Gigabait 12 gare shi, kuma hanyar da bayanai ke bi tana da faɗin bit 192, alhali ta 4060 bit 128 ce, ko da yake an rage masa wannan gibin da ƙaramar ma'ajiya mai sauri ta megabait 24, inda 3060 ke da 3 kacal. Dabarar tana aiki matuƙar wasan bai nemi fiye da gigabait 8 ba. Da zarar ya nema, kamar yadda aka gani a Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I a 2023 idan an ƙure ingancin hoto, sai wasan ya riƙa sarƙewa, ko bango da tufafi su fito dishi-dishi. Rage ingancin da mataki ɗaya yakan magance matsalar. Shi kuma 4060 yana da fasahar DLSS 3 mai ƙirƙiro ƙarin hotuna a tsakanin na asali domin motsi ya yi santsi, amma ita ma tana cin ma'ajiya, kuma ba ta ƙara saurin amsawar maɓalli, don haka ban ba ta muhimmanci sosai a wasan harbi ba.

Maganar inbata ce ta fi ɗaukar hankalina, domin masu gwada katunan nan a Amurka da Turai ba su cika damuwa da ita ba. 3060 yana jan wat 170, shi kuwa 4060 wat 115. Bambancin wat 55 ke nan, wanda a zaman awa huɗu ya kama wat-awa 220. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a lissafi, amma idan irin na ruwa ne, rabi kawai ake so a sha domin ya yi ƙarko, ka ga bambancin ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na abin da kake da shi. Kuma duk wutar da kati ya ja zafi take komawa. Wanda ya taɓa zama a ɗaki a Kaduna cikin watan Maris ko Afrilu babu fanka ya san abin da nake nufi, ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe kati ta sa ya rage gudu da kansa.

Akwai abin lura game da tsohuwar kwamfuta. Layuka 8 kawai 4060 yake amfani da su a ramin PCIe, wato inda ake soka katin a cikin kwamfuta, 3060 kuwa 16, saboda haka a ramin ƙarni na 3 sabon katin yana iya yin ɗan rauni, musamman idan ma'ajiyarsa ta cika.

A ganina, da irin sikirinka da wasanninka da yanayin wutarka, 4060 ya fi dacewa da kai. Idan kuwa kana haɗa bidiyo, ko ka samu 3060 na hannu da rangwame mai kauri, to ka duba abu biyu kafin ka biya. Akwai wani 3060 mai gigabait 8 da aka fitar a ƙarshen 2022, sunansu ɗaya amma bai kai na 12 ƙarfi ba. Sannan katuna da yawa na wancan zamani sun yi aikin haƙar kuɗin intanet na Ethereum dare da rana har zuwa Satumban 2022, don haka ka sa mai shago ya kunna maka wasa mai nauyi na rabin awa a gabanka, kana sauraren ƙarar fankokin kana kuma duba ma'aunin zafi.