Burgu da hakin Turai mai suna giliseriya: wanne ya dace da fadamar Saga?

Alhaji, barka da warhaka. Na ga hoton da ka saka mana da tambayarka. Ɗanka da ke karatu a Faransa ya ɗauko wani dogon haki a bakin rafi, ya ce sunansa Glyceria maxima, kuma shanu na cinsa. Kai kuma kana son sanin ko shi ne burgunmu, in kuma ba shi ba ne, ko ya kamata a kawo maka iri ka zuba a fadamarka ta wajen Saga, kusa da Yamai, saboda shanun tatsa. Ba burgu ba ne, kuma in za ka ji tawa, kada a kawo shi.

Ban ga laifin yaron ba, don daga nesa sun yi kama. Dukansu haki ne mai shekara da shekaru ba tare da an sake shuka ba, dukansu ƙafarsu cikin ruwa take, kuma bisashe na son su. Sai ka matso kake ganin bambanci. Giliseriya tsaye yake, yana kai mita 2 ko ya ɗan wuce, kansa a baje da rassa da yawa, ƴaƴansa ba su da gashi. Ƙarfinsa a ƙarƙashin ƙasa yake: saiwa ce mai rarrafe cikin laka, tana tsiro nan tana tsiro can har ta rufe wuri. Burgu, wanda masana ke kira Echinochloa stagnina, kwanciya yake yi bisa ruwa. Ka kama kara guda ka ja, za ka yi ta ja mita da mita bai ƙare ba. Ka matsa shi da yatsa, cikinsa taushi ne mai riƙe iska, shi ya sa ba ya nutsewa, kuma a kowace gaɓa akwai farar saiwa da ke jiran ta taɓa laka. Ƴaƴansa na da gashi a baki.

Asalinsu ma ba ɗaya ba ne, kuma nan ne maganar take. Giliseriya ɗan Turai ne da yammacin Siberiya. Da sanyi ya saba: yana fure tsakanin Yuni da Agusta na can, ganyensa ya bushe lokacin hunturu, ya sake tohowa in ƙanƙara ta narke. Ka tuna yadda Yamai take a watan Afrilu da Mayu, zafi sama da digiri 40, kogi ya janye, laka ta tsage. Ba don irin wannan aka halicce shi ba.

Shi kuwa burgu da kogin Isa, wato kogin Neja, ya tashi. Mu nan Yamai ruwa sau biyu yake zo mana. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa daga ɓangaren Burkina, sannan akwai baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe cikin fadamun Mali, ya iso mana wajen Disamba da Janairu. Ruwa na hawa, karan burgu na ƙara tsawo yana bin sa, ganye kullum a sama. In ruwa ya janye sai ya kwanta bisa laka, shanu su shiga su ci su tattake, gaɓoɓin da suka danne su kama ƙasa su zama tsiron baɗi. Wato ɗanyen haki kake samu a daidai lokacin da daji ya ƙone, harawa ta yi tsada, kowa na neman dusa. Shi ya sa kake ganin jiragen kwale-kwale na fitowa da shi dami-dami, masu amalanke na jira a gaɓa. Darajarsa ba ta yau ba ce. A Masina ta Mali, daular da Shehu Amadu ya kafa a 1818 ta tsara shigar garkuna cikin filayen burgu, kowa da layinsa, kuma har yanzu akwai masu riƙe da wannan haƙƙi. Yara na tsotsar karansa saboda zaƙi, ana dafa ruwansa ya zama zuma-zuma, ƴaƴansa kuma sun ceci mutane a shekarun yunwa.

To, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne guba. Sabon tohon giliseriya yana ɗauke da sinadarin da ke zama sayanayid a cikin tumbin dabba, irin dai wanda ke cikin gyauron dawa da makiyayanmu ke korar shanu daga gare shi. Saniya ta ci da yunwa, sai ka ga tana haki, yawu na zuba, jiki na rawa, ta faɗi. Wani lokaci kafin a kira likitan bisashe ta tafi, domin gubar hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa take yi. Busar da hakin na rage ta, kuma wanda ya girma bai kai ƙarami haɗari ba, amma wa zai tsaya bakin fadama dare da rana yana tantance wa saniya tsoho da sabo? An yi asarar shanu ta wannan hanya a ƙasashen da aka kai shi. Burgu ba a san shi da wannan halin ba.

Sai maganar mamaye wuri. Ostareliya da Niyuzilan da hannunsu suka shigo da shi don abincin shanu, yau ga shi a jihohin Tasmaniya da Biktoriya na Ostareliya ya toshe rafuka da magudanan ruwa, ana kashe kuɗi ana yaƙi da shi. A Kanada ma ya bayyana a lardin Ontariyo tun shekarun 1940, daga baya aka same shi a arewacin ƙasar Amurka, yana korar tsirran gida. Guntun saiwa guda da ruwa ya ɗauka ya isa ya kafa sabon gari. Saboda haka abu biyu ne: ko zafinmu ya kashe shi ka yi asarar kuɗi, ko ya sami wani lungu mai sanyi ya kama, ka jawo wa manoman shinkafa na Saga masifa a hanyoyin ruwansu. Mun ga abin da baƙon tsiron nan mai yawo bisa ruwa, mai shuɗin fure, ya yi wa kogi, ƴan'uwanmu na Tawa kuma sun san yadda kacala ke cinye tabki.

Burgu ma yana da nasa. In ya shiga gonar shinkafa ciyawa ce mai wuyar fita, don haka ka bar tazara tsakaninka da maƙwabta. Ɗanyensa ruwa ya yi masa yawa, saniyar tatsa ba za ta ba ka nono sosai da shi kaɗai ba sai ka haɗa da dusa ko harawar wake. Dodon-koɗin da ke yaɗa ciwon hanta kuma cikin irin wannan ruwan yake zaune, shi ya sa na fi son a yanko a shanya ya sha rana kafin a ba dabba, a kuma riƙa ba da maganin tsutsar hanta yadda likitan bisashe ya tsara. Babban ciwonsa a wurina dai shi ne raguwar da ya yi: farin shekarun 1970 da 1980, har kogi ya tsaya a Yamai a 1985, ga fadamun da aka mayar gonakin shinkafa, ga masu tuge shi har saiwa don sayarwa.

Shukarsa ba ta buƙatar iri daga ko'ina. Ka tsallaka Kirkissoye, inda aka daɗe ana noman burgu da ban-ruwa don shanun Azawak na tatsa, ka ga yadda suke yi ka sayi kara. A yanka shi guntu-guntu, kowanne da gaɓa uku ko huɗu, a soke cikin laka lokacin da ruwa ya fara shigowa bai yi zurfi ba, ana barin kansa a waje. A kewaye wurin, kada dabba ta shiga sai ya kama sosai, in an zo yanka kuma a bar gindi. Ka duba dai wata nawa ruwa ke kwana a fadamar taka, domin in sati biyu yake yi ya wuce, sai ka yi shirin injin ban-ruwa kafin ka sayi kara ko ɗaya.